Ƙwaryar Wofi a Ƙofar Magini

Kubura tana tankaɗen gero a tsakar gida ta ji sallamar ubanta. Daga muryar kaɗai ta san kasuwar Kankiya ba ta yi daɗi ba.

Manu ya shigo, ya jingine sanda, ya zauna bisa buzunshi. Ta kawo ruwa ta durƙusa. Ya shanye tas, sannan ya ciro wata takarda daga aljihu ya jefar da ita ƙasa kamar abin ƙazanta.

"Sun ƙara."

"Kuma, Baba?"

"Kuma. Bara sule biyar. Da kaka suka ce goma. Yau malamin ofis ya dube ni ya ce fam guda. Ni fam, ke fam. Bayan wata shida a sake."

Takardar zama ce. Tun da yaƙin Turawa ya yi zafi aka rufe iyaka, aka ce duk wanda asalinshi ƙasar Faransa ne sai ya riƙe ta. Manu mutumin Tasawa ne. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya gudo wa aikin tilas, ya sauka Bauranya da dagi da igiya a kafaɗa. Rabin rijiyoyin da ake sha tsakanin Kusada da Kankiya shi ya gina su. Nan aka haifi Kubura. Nan aka binne uwarta. Amma a takarda shi baƙo ne, ɗiyarshi ma baƙuwa.

"Mun zauna, mu baƙi, gindin tsamiyar bakin kasuwa," in ji shi. "Zabarmawa sun ce gabas za su yi, Sudan. Majeman Damagaram sun ce su jira damina. Ni na yanke. Kumasi."

Rariya ta suɓuce daga hannunta.

"Kumasi, Baba? Ta Gwanja?"

"Akwai wata? Dawuda ya ce can in ka shiga zango ba mai tambayar ka takarda. Kuma masu haƙar zinari na neman wanda ya san ƙasa. Motar da zai bi za ta tashi daga Kankiya nan da kasuwa uku. Cikinta muke."

Dawuda ɗan abokin Manu ne, shi ma ɗan Tasawa, bafataken goro. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo wa Kubura turare, ita kuma ta ba maƙwabta.

"Ya yi mani maganarki," Manu ya ce, bai dube ta ba. "Ban amsa ba, ban hana ba. Ba ni yi maki dole. Amma ba ni barin ki nan, ki ji da kyau."



"Baba... Sada fa?"

"Manomin nan na ƙauyen Ƙofa? Na faɗa wa manyanshi tun bara. Gidanmu ba mu ba da ɗiya ga wanda bai san cikin ƙasa ba sai bayanta. Kwashe garin nan, kaji na ci."

Ta kwashe. Rabinshi da hawaye ya jiƙe.

* * *

Kwana biyu bayan haka ta ɗauki kwano ta ce za ta Ƙofa sayen daddawa. Daddawa akwai a Bauranya. Amma mai daddawar Ƙofa ita ce Inno, kakar Sada.

Ta iske tsohuwar zaune a inuwar rumbu tana dariya har tana share ido. Sada na tsugune gefe, ya sunkuyar da kai.

"Taho, ɗiyata, taho ki ji abin da angona ya yi," in ji Inno. "Faɗa mata da bakinka, sarkin wayo."

"Tsohuwa, don Allah ki bari."

"Ba ni bari. Jiya ya kora bijiminshi, guda ɗayan nan da yake da shi, har ƙofar masallacin Bauranya. Ya tare ubanki gaban jama'a, ya ce ga shi a sayar a yanki takarda."

Kubura ta dafe ƙirji.

"Gaban mutane? Wayyo, Sada, ka kashe mu! Me ya ce?"

Sada ya ɗago. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, amma yau ya yi laushi kamar wanda ya kwana uku bai ci ba.

"Ya ce, 'Yaro, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai karɓar sadaka?' Ya sa na koro abina ta tsakiyar gari. Har liman sai da ya juya baya don kada in ga yana dariya."

Inno ta sake kecewa. Kubura kuwa kuka ta fashe da shi.

"Shi ke nan. Kwana goma sha tara suka rage. Za a sa ni mota, a sa ni jirgin ƙasa, a sa ni jirgin ruwa, ni da ko gulbi ban taɓa hayewa ba. In je inda ban san kowa ba."

"Zan bi ki."

"Ka bar gonar ubanka? Ka bar tsohuwar nan ga wa?"

"To in yi yaya, Kubura? Faɗa mani. Na kai manya, ya ƙi. Na kai dukiya, ya kore ni. In tare hanyar mota in kwanta?"

"Ni dai na san in na bar ƙasar nan ba ni ƙara dariya. Kabarin innata na nan. Kai kana nan. Me na ajiye a Kumasi?"

"Ki daina kukan nan, kina ƙona mani rai."

"Ba ni dainawa!"

"To ku yi ta yi, ku biyu," in ji Inno. "In ya taru ku zuba mani a tulu. Tun da rijiyar unguwar nan ta rufta, sai an yi tafiyar rabin wuni ake samun na sha. Ga ƙwaryata can, tun safe a bushe."

Kubura ta dubi ƙwaryar. Kukan ya tsaya mata cak.

"Inno, ƙwaryar nan taki ce ta kanki?"

"A'a, ta sarkin Ingila ce."

"Ki saurara. Maginan gidanmu suna da wata al'ada tun kakanni. In wanda ba shi da ruwa ya kawo ƙwarya wofi ƙofar magini, magini ya karɓa da hannunshi, to ba ya mai da ita sai cike da ruwan sabuwar rijiya. Ba ya tafiya ko'ina, ko uwarshi aka ce ta mutu, sai ruwa ya fito. Baba ya sha faɗi, ba a taɓa jin wanda ya karya ta a zuriyarmu ba."

Inno ta daina dariya. Ta dubi jikanta, ta dubi yarinyar.

"In ya ƙi karɓa fa?"

"In bai taɓa ta ba, ba komai a kanshi."

Tsohuwar ta miƙe tana dafa rumbu.

"Ni na yi wa uwarki wankan jego, sanda ba ku da kowa a ƙasar nan. Mu ga yadda zai ƙi."

* * *

Da hantsi Manu na zaune ƙofar gida da dattawa uku. Dawuda na nan, ya sha rigar shadda da takalma sau-ciki, yana ta ciro agogon aljihu yana dubawa, ko da yake ba inda za shi. Kubura na zaure, ta laɓe bayan asabari.

Sai ga Inno da sanda, ƙwarya a hannu. Ta yi sallama, ta durƙusa gaban Manu da ƙyar, ta miƙa ƙwaryar da hannu biyu.



Manu ya dubi sama. Ya dubi gabas. Ya dubi farcen ƙafarshi.

"Iya, tashi. Na bar sana'a. Tafiya gare ni."

"Na ji. Ƙishirwa kuma gare ni."

"Wa ya koya maki wannan?"

"Ƙishirwa."

Dawuda ya yi gyaran murya. "Baba, kada ka kula ta. Shiri ne. Kowa ya san jikar wa take... ya san kakar wa take."

"Kai, mai agogo, gyara bakinka tukuna ka yi magana," in ji Inno. Dattawa suka murmusa. "Manu, gwiwar nan tawa ta shekara saba'in. In na kife a nan, kai za ka goya ni har Ƙofa, garin nan na kallo."

Ƙwaryar na kaɗawa. Kubura ta cije gefen zanenta.

Manu ya yi tsaki mai tsawo. Ya miƙa hannu ya karɓa.

Kubura ta kusa yin guɗa. Sai ta ji muryarshi ta sake fitowa, a sanyaye.

"Na karɓa. To ku ji nawa. Bube da ke shigar mani rami ya riga ya tafi. Ni ƙirjina ba ya ɗaukar zurfi yanzu. Wanda ya aiko ki, shi zai shiga."

"Sada? Yaron da ko rumbu ya leƙa sai jiri ya kwashe shi?"

"Shi. Ni igiya zan riƙe. Kuma ranar da ruwa ya fito, na cika ƙwaryarki, na sauke nauyi. In kafin mota ne, mota zan shiga da ɗiyata."

Ya juya ya dubi asabari kamar yana ganin wadda ke bayanshi.

"Wayo ya ƙare?"

Kubura ta sulale ta zauna a ƙasa. Sai yanzu ta ga ramin da ta gina. In Sada ya yi aiki da gaskiya, ruwa ya fito da wuri, an tafi da ita. In ya yi sanyin jiki, ubanta ya raina shi har abada.

* * *

Manu ya yi wuni guda yana zagaya Ƙofa. Ya tsaya inda tururuwa ke fito da ƙasa mai duhu, kusa da wani tsohon gawo. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya kafa turke, ya zagaya shi da igiya, ya yi bisimilla ya sara dagi sau uku. Sannan ya miƙa wa Sada.

"In ka ja igiya sau ɗaya, kwando ya cika. Sau uku, a fito da kai. Wanda ya ja sau uku ba dalili, ba ya sake shigar mani rami."

Zurfin gaba ɗaya, lafiya. Gaba biyu, lafiya. Da aka kai gaba uku, sama ta koma kamar faifai, Sada ya hauro da kanshi ya yi amai bayan gawo. Ya kurkure baki ya koma.

Aka iske marmara a gaba huɗu. Dagi na tashi da wuta. Tafin hannun Sada ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Inno na shafa mashi man shanu da yamma tana zagin kakannin Tasawa ɗaya bayan ɗaya.

Kullum Kubura ke kawo fura da rana. Matan Ƙofa na zuwa kallo da 'ya'yansu a goye. Dawuda ma ya zo sau biyu da laima. Na biyun ya tare ta a hanya.

"Kubura, me kike gani ga mutumin da ke wuni cikin rami kamar gafiya? A Kumasi gidana na kwano ne. Ruwa a famfo yake, murɗawa kawai ake."

"To ai ba ka bukatar ɗiyar magini, Yaya Dawuda. Nemi ɗiyar mai murɗawa."

Ta wuce ta bar shi da laimarshi.

Rana ta goma sha biyu da fara haƙa, ƙasar da ke fitowa ta fara sanyi. Kubura ta taɓa ta. Ɗiyar magini ce, ta san abin da ke tafe.

Da azahar Manu ya ba ta igiya ya tafi gindin gawo yin salla, masu jan kwando suka bi shi. Ta kwanta rub da ciki bisa gungumen bakin rijiya, ta leƙa. Can ƙasa, cikin duhu, sai farin idon Sada.

"Sada."

"Na'am. Muryar wa nake ji kamar daga Aljanna?"

"Bar wasa. Ƙasa ta yi sanyi. Kwana huɗu ko biyar za ka iske ruwa."

"Alhamdu lillahi."

"Mota kwana shida! Ba ka gane ba? Ka rage hannu. Ka riƙa cika kwando rabi. Ka ce dutse ka iske. Kwana biyu kawai nake roƙo, mota ta tashi ta bar mu."

Ta ƙara leƙawa.

"Sada, kana ji na?"

"Ina jin ki."

"To ka ce wani abu."

"Kubura, mutumin nan kullum raina na hannunshi. In ya saki igiya, na tafi. Bai taɓa saki ba, ko da ƙiftawar ido, alhali ba ya ƙaunata. In zauna a nan ƙasa in yi mashi ƙarya?"

"Don ni fa! Ba don ni za ka yi ba?"

"Don ke na shigo. Kin san yadda nake tsoron wurin nan? Kullum da safe sai ƙafata ta ƙi. Amma in na same ki da ha'inci, da wane ido zan riƙa gaishe shi shekara da shekaru?"

"Ba ka so na ke nan. Ka fi son a ce kai mai gaskiya ne."

"Kada ki faɗi haka."

"Na faɗa! Za ka haƙa da hannunka, ka fito da ruwan da zai kore ni. In ina cikin jirgi ina kuka, kai kana nan ana yaba maka."

"In kin tafi, ba ni shan ruwan rijiyar nan har in mutu. Amma ba ni cika kwando rabi."

Ta kifa kai tana kuka, hawaye na ɗiga cikin ramin.

"Kubura."

"Mene?"

"Matsa kaɗan. In Baba ya ga ƙasa ta jiƙe zai ce ruwa ya fito, tafiyarku ta matso."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. Ta ɗebi 'yar ƙasa ta watsa mashi.

"Allah ya isa, mugu."

Igiya ta motsa sau ɗaya. Kwando ya cika. Da masu ja suka dawo suka fito da shi, har ya yi tozo.

* * *

Ana gobe kasuwar Kankiya da mota za ta tashi, da walaha, igiya ta motsa sau uku.

Manu ya miƙe tsaye. Tun da aka fara, Sada bai taɓa ja sau uku ba.

"Ku ja! Ku ja da sauri!"

Suka ja. Kai ya fara fitowa, sannan kafaɗu. Laka tun daga gashi har ƙafa. Wandonshi sharkaf. Yana haki, yana dariya, ya buɗe tafin hannu, ruwa na zuba ta tsakanin yatsu.

"Baba, idon ruwa ne! Ido biyu! Yana tahowa kamar ana koro shi!"

Guɗa ta tashi. Kafin a ce me, Ƙofa duk ta hallara. Mata na rawa da tuluna a ka. Wani tsoho ya cire hula ya jefa sama, ta faɗa rijiyar, aka yi ta dariya. Inno ta jefar da sanda ta taka rawa sai da aka riƙe ta.

Kubura kaɗai ke tsaye gindin gawo kamar an dasa ta.

Manu ya jira ruwa ya kwanta. Ya zura guga da kanshi, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Ya cika ƙwaryar Inno har baki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Iya, ga amanarki. Na fita?"

Inno ta sha, ta yi hamdala.

"Ka fita, Manu. Allah ya yi maka albarka."

"Kubura, naɗe igiya. Akwai ɗaurin kaya."

Suka kama hanyar Bauranya da la'asar. Manu a gaba. Kubura a baya da igiya a ka, ba ta ko ganin hanya. Sada na biye da dagi a kafaɗa, don ba wanda ya ce ya ajiye. Inno ta ce sai ta yi rakiya, aka ɗora ta bisa jaki. Mutanen Ƙofa suka biyo.

Da suka sha kwanar masallaci, Manu ya tsaya.

Ƙofar gidanshi ba wurin sa ƙafa. Ƙore ne a jere a ƙasa, manya da ƙanana, sababbi da masu ɗinki, tun daga bakin zaure har gindin dalbejiya. Duk wofi. Bayan kowace akwai mai ita a tsugune. Ga na Bauranya, ga na Kusada, ga Fulanin ruga, har da wani malami da ya taho tun daga Kankiya da tashi ƙwaryar a cikin gafaka.

Kubura ta juya ta dubi Inno, baki buɗe.

"Kada ki dube ni," in ji tsohuwar daga bisa jaki. "Ni ban aiki kowa ba. Na dai yi hira a gidan suna. Da wurin daka. Da kasuwa."

Dawuda ya fito daga zaure da sauri, har takalminshi ɗaya ya cire.

"Baba, kada ka taɓa ko ɗaya! In ba ka taɓa ba, ba komai a kanka, kai ka faɗa. Tsallake su ka shiga. Na riga na kama mana wuri gaban mota."

Gaskiya ya faɗa. Kowa ya san haka. Ba wanda ya yi motsi.

Mai unguwar Bauranya ya tashi, ya gyara riga.

"Manu, ba sadaka muka kawo ba, mun ji abin da ya sami mai bijimi. Aiki muka kawo. Ka yanka mana ladanka kamar yadda ka saba, ka je ka yanki takardarka da guminka. In sun ƙara, mu ma ƙishirwarmu ba ta ƙarewa."

"Zan tsawwala maku," in ji Manu.

"Tsawwala."

"Ba ni da mai shiga rami."

Idanu dai suka koma kan mai dagi, wanda laka ta bushe mashi a fuska har ta tsage.

Manu ya juya ya dube shi, tun daga sama har ƙasa.

"Kai. Ran da na tafi salla, me aka ce maka a bakin rijiya?"

Sada ya sunkuyar da kai.

"Ba komai, Baba. Gaisuwa ce."

"Gaisuwa. Rijiya tana kai magana sama kamar yadda take kai ta ƙasa, ba ku sani ba? Raka'a huɗu na yi, ban san abin da na karanta ba. Shekara arba'in ina riƙon igiya. Kwandon da aka cika da wanda aka yi wa wayo, hannuna ya san su tun ba su fito ba. Na jira naka ya yi sauƙi. Bai yi ba."

Ya dubi ƙoren. Ya dubi hanyar da ta nufi Kankiya. Ya dubi bayan gari, wajen maƙabarta, ya daɗe.

Sannan ya sunkuya, gwiwarshi na ƙara, ya ɗauki wata 'yar tsohuwar ƙwarya mai ɗinki uku.

Guɗar da ta tashi har tsuntsayen dalbejiya sai da suka watse. Kubura ta saki igiya ta zube, ta rungume wuyan jakin Inno tana kuka tana dariya.

"Baba!" Dawuda ya ce. "Motar fa?"

"Ka gai da Kumasi. Ka ce ina da aiki."

Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku. Hannu ya cika. Ya waiwaya ya ga Sada tsaye yana washe baki, hawaye na wanke mashi laka.

Manu ya murtuke fuska.

"Kai kuma me kake kallo? Ajiye dagin nan ka zo ka kama mani. Ina aka taɓa ganin surukin magini tsaye hannu sake?"